Sakan 30, matakai biyar ko doguwar hira: wace hanya za a koya wa ɗalibin likita don ya raba majinyaci da sigari?

Wata rana ina zaune a gefe a ɗakin da muke duba masu ciwon ƙirji, na bar wani ɗalibi ɗan aji biyar yana ɗaukar bayanin wani dattijo, direban babbar mota, wanda tari ya hana shi barci wata biyu. Yaron haziƙi ne. Ya bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya: yaushe tarin ya fara, ko akwai jini a kaki, ko yana jiƙa shimfiɗa da zufa cikin dare, ko ya ga ya rame. Da aka zo kan sigari sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Baba, ba ka dai shan taba ko?" Dattijon ya ce, "A'a, ɗana." Ɗalibin ya rubuta, ya wuce gaba. Alhali yatsun mutumin biyu sun rine sun yi rawaya, ga kuma shacin kwali a aljihun gaban rigarsa, wanda ko daga bakin ƙofa za ka hango.

Da muka fito na ja shi gefe. Ya ce, "Wallahi Malam na gani. Amma sa'an babana ne, ta ina zan fara?" Wannan yaro zai iya tsayawa ya lissafo maka cututtukan da hayaƙin taba ke haddasawa tun daga leɓe har mafitsara. Abin da ba mu ba shi ba shi ne maganar da zai faɗa da Hausa ga mutumin da ya isa ya haife shi, ba tare da ya ji ya yi rashin kunya ba. Laifin namu ne, mu masu koyarwa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fara tambayar ɗaliban fannin lafiya 'yan aji uku a ƙasashe da dama. Kusan ko'ina ɗaliban sun ce ya kamata a koya musu yadda ake taimaka wa mutum ya bar taba, amma a mafi yawan ƙasashen waɗanda aka taɓa koya wa ba su kai rabi ba. A nan Nijeriya akwai wani dalili na ƙari da ke sa mu sakaci: ana ganin ai mu ba mu cika shan taba ba. Binciken da aka yi wa manya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 ne ke amfani da taba, wato mutum wajen miliyan 4.5. Sai dai a cikin maza mutum ɗaya ne cikin goma, kuma idan ka shiga ɗakin masu tarin fuka ko masu shanyewar ɓarin jiki za ka tarar sun taru a can fiye da yadda suke a kasuwa. Ribar bari kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken da aka fara a kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50, ya nuna mai sha yana asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa, kuma wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yakan ceto kusan dukkansu, ɗan 40 ya ceto wajen 9, ɗan 50 wajen 6, ɗan 60 ma wajen 3. Magunguna nawa muke rubutawa da ke da irin wannan amfani?

Sashen makarantar likita da ya yi niyyar toshe wannan giɓi zai tarar da hanyoyi uku a gabansa, kowacce da masu yabonta. Lokacin da za a ware masa kuma ba zai wuce 'yan awoyi ba cikin shekara shida na karatun likita. Dole a zaɓa.

Ta farko ita ce gajeriyar shawara, wadda ake gamawa cikin sakan 30. Tushenta wani gwaji ne da Michael Russell da abokan aikinsa suka wallafa a 1979, inda likitoci 28 a Landan suka duba mashaya sama da 2,000. Waɗanda ba a ce musu komai ba, kashi 0.3 cikin 100 ne suka bari suka kuma dawwama a kai har shekara guda. Waɗanda aka ba shawara, aka miƙa musu 'yar takarda, aka ce za a sake bibiyarsu, sun kai kashi 5.1. Wani zai ce ai kaɗan ne. Amma ka lissafa yawan mutanen da likita ɗaya ke gani a shekara, sannan ka tuna maganar ba ta cin ko kwabo.

Yadda Ingila ta tsara ta daga baya, ƙafafunta uku ne. Ka tambaya ko yana sha. Ka gaya masa hanyar da ta fi aiki wajen bari, wato haɗa magani da taimakon wanda ya san aikin. Sai ka yi masa tayin taimakon nan take. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abubuwan da aka cire da gangan. Ba a ce wa mutum sigari na kisa, don ya sani, a jikin kwalin ma an rubuta. Ba a kuma tambayarsa ko ya shirya. Wani nazari na 2012 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna tayin taimako ya fi sa mutane yunƙurin bari, a kan a tsaya ana lissafa musu illoli.

Ga ɗalibinmu, wannan babbar rahama ce. Yaro ɗan shekara 23 ba zai iya yi wa dattijo faɗa ba, amma zai iya cewa, "Baba, na ga alamar kana ɗan taɓa sigari. Ba kai kaɗai ba ne, kuma barinta da wuya. Akwai dabarun da muke koya wa mutane, suna kuma aiki. In ka yarda, mu zauna minti biyar kafin ka tafi." Babu rashin ladabi a nan, hidima ce, irin wadda ɗa ke yi wa uba. Ana iya koyar da ita a yammaci ɗaya, kuma tana shiga cikin layin asibitinmu, inda likita ke kallon benci cike da jama'a tun kafin hantsi.

Rauninta yana ƙafa ta uku. An gina ta ne a ƙasar da tun wajen shekarar 2000 gwamnati ta buɗe wuraren taimaka wa masu son barin sigari, likita ya tura ka, wani ya karɓe ka. Mu ina za mu tura? A yawancin asibitocinmu babu irin wannan ɗaki. Cingam ɗin nikotin (sinadarin taba da ke kama mai sha) da filastarsa da ake mannawa a fata ba kowane kemis ke da su ba, inda suke kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai sayen kara biyu a wurin mai tebur. Idan ka koya wa ɗalibi gajeriyar shawara kamar yadda take a takarda, ka koya masa ya raka mai jin ƙishirwa har bakin rijiyar da ta ƙafe.

A nan ne hanya ta biyu ke da bakin magana. Ita ce matakai biyar, wadda littattafai ke kira 5A, da ta fito a ƙa'idojin jinya na hukumar lafiya ta Amurka a 2000, aka sabunta a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ɗauka. Ka tambaya, ka ba da shawara, ka auna ko ya shirya, ka taimaka, ka sa ranar dawowa. Bambancinta da ta farko shi ne ba ta jiran wani ya yi aikin. Likitan da kansa ne wurin taimakon.

Naman yana cikin mataki na huɗu, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancantar awoyin da za a samu. Ɗalibi ya san cewa nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin sakan 10 zuwa 20 da zuƙa, kuma rabinsa ya bar jini cikin awa biyu ko makamancin haka, shi ya sa mutum ke farkawa da asuba jikinsa na nema. Daga nan tambayoyi biyu suka fito waɗanda suka fi duk sauran faɗa maka zurfin kamun: minti nawa tsakanin tashinsa da karan farko, kuma kara nawa a yini. Wanda ke kunnawa kafin ya yi rabin awa da tashi, kamun ya yi ƙarfi, da wuya nasiha kaɗai ta ishe shi. Ɗalibi ya san ya taya mutum tsayar da rana cikin mako biyu masu zuwa, ranar da daga ita ko zuƙa ɗaya babu. Ya faɗa masa gaskiya tun da wuri cewa kwanakin farko za su yi zafi: saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa; abin yakan kai ƙololuwa a makon farko, ya riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma kowace sha'awa idan ta taso 'yan mintoci take yi ta lafa. Mutumin da aka gaya wa haka, idan ya tsinci kansa yana yi wa iyali tsawa a rana ta uku, ba zai ce ciwo ne ya kama shi ba. Ya tambaye shi lokutan da hannu ke tafiya aljihu da kansa: bayan tuwo, a teburin mai shayi, a majalisa bayan isha'i, a kan doguwar hanya idan barci ya fara fizga.

A nan kuma ilimin magani ke shiga. Maganin maye gurbin nikotin, irin cingam da filastar nan, yana ƙara yiwuwar bari da kashi 50 zuwa 60 cikin 100 a kan wanda bai yi amfani da shi ba, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009. An ƙara ƙwayoyin bupropion da varenicline, masu rage sha'awar sigari, a 2021. Ƙa'idar jinya ta farko da hukumar ta fitar kan barin taba, a Yulin 2024, ta ambaci waɗannan tare da cytisine, ta kuma nemi ma'aikatan lafiya su riƙa ba da shawarar sakan 30 zuwa minti 3 a matsayin aikin yau da kullum. Ko da maganin bai wadata a garinmu ba, likitan da za mu yaye zai yi aiki shekara 30 ko fiye, bai kamata ya fita bai san cewa ba a ba mai farfaɗiya bupropion ba, ko cewa cingam ɗin nikotin ba a tauna shi kamar na yara, ana ɗan taunawa ne a ajiye a kunci. Akwai kuma abin da nake ganin ko manya na mantawa: hayaƙin sigari na sa hanta saurin narkar da wasu magunguna, irin su theophylline na asma, da clozapine da olanzapine na taɓin hankali. Mutum ya bar sigari, maganin da ya saba sha sai ya taru masa a jini. Wanda ya ba da shawarar bari shi ke da alhakin duba wannan.

To me ya hana a ce matakai biyar kawai, a huta? Abu uku na gani da idona. Na farko, ɗalibai na haddace ta kamar karatun jarrabawa. Dabarar tunawa da ita a Turanci take, don kalmomin biyar duk da harafi ɗaya suka fara. Da ka juyo Hausa sai igiyar ta tsinke. Na biyu, a aikace likitoci kan yi biyun farko su tsaya, wannan sananne ne har a ƙasar da aka ƙirƙiro ta. Na uku shi ne ya fi damuna, wato mataki na auna shiri. Bahaushe ba ya musu da likita a fuska. Ka tambaye shi ko ya shirya, zai ce, "In sha Allahu, Likita, ai na kusa bari." Wannan ladabi ne, ba alkawari ba. Ɗalibi ya ji haka ya yi murna ya rubuta ya shirya. Wani kuma ya ce "sai a hankali", ɗalibi ya rubuta bai shirya ba, ya rufe fayil. Ta kowane ɓangare an samu ƙofar fita, ba a yi aikin ba.

Gidan matakai biyar na gaskiya shi ne inda majinyaci zai dawo ko ba don sigari ba. Mai tarin fuka na zuwa karɓar magani wata shida, ga shi shan sigari na kusan ninka haɗarin kamuwa da cutar, yana kuma ɓata sakamakon jinya. Mai hawan jini da mai ciwon sukari na dawowa duk bayan 'yan makonni. Wanda aka sa wa ranar tiyata yana da dalili a hannu, don barin sigari mako huɗu kafin aiki na rage matsalolin huhu da na warkewar rauni. A waɗannan wurare mataki na biyar, wanda ya fi kowanne wuya, a kyauta yake zuwa.

Hanya ta uku ita ce na fi so a raina, kuma ita ce zan fi taka wa birki. Hirar zaburarwa ce, wadda William Miller ya fara bayyanawa a 1983 a aikinsa da masu fama da giya, daga baya suka faɗaɗa ta tare da Stephen Rollnick. Gindin maganar shi ne mutum ya fi yarda da dalilin da ya fito daga bakinsa. Mai shan sigari zuciyarsa biyu ce, ɗaya na so, ɗaya na ƙi. Idan ka ɗauki ɓangaren bari ka matsa, shi sai ya ɗauki ɗaya ɓangaren ya kare, ya fita ɗakin ya fi ƙarfin hujja a kan yadda ya shigo. Don haka likita ya rage magana, ya yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a, ya maimaita wa mutum abin da ya faɗa don ya ji da kunnensa.

Na ga wata ɗaliba ta yi wannan da wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu da ya zo da ciwon ƙirji. Ba ta ce masa komai kan ciwon daji ba. Ta ce, "Malam, me sigarin ke yi maka da kake jin daɗi?" Ya dube ta da mamaki, don bai taɓa jin an tambaye shi haka ba. Ya ce tana sauke masa gajiya, tana kwantar masa da hankali idan fasinja ya ɓata masa rai. Ta ce, "Wato ita ce hutunka a yini." Ya ce ƙwarai. Ta yi shiru. Can sai ya ce, "Amma fa 'yata ta fara cewa bakina na wari, ba ta yarda in ɗauke ta." Ɗalibar ta ce, "Shekarunta nawa?" Daga nan shi ya riƙa magana, har ya kai ga lissafa abin da yake kashewa a wata, ya ce ya kai kuɗin makarantar yarinyar. Da ta buɗe da wa'azi, da ba mu ji labarin yarinyar ba.

Wa'azi kuwa shi ne ciwonmu. Mun taso cikin al'adar nasiha, babba ya faɗa ƙarami ya sunkuyar da kai, kuma ɗalibi da ya sa farar riga sai ya ji shi ne babban. Hirar zaburarwa maganin wannan ce. Amma a yi lissafi da gaskiya. Ba a iya ta a zama ɗaya. Tana buƙatar horo na kwanaki, sannan wani gwani ya riƙa sauraron hirarka yana gyara maka, in ba haka ba cikin 'yan watanni ka koma gidan jiya. Malamai nawa muke da su da suka iya ta har su koyar? Ga lokaci: hira mai kyau na cin minti 15 ko 20. Kuma babban nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan sigari bai samu isasshiyar hujjar cewa ta fi sauran hanyoyi sa mutane bari ba. Akwai ma majinyacin da salon ke ɗaure wa kai. Tsoho ya taso daga ƙauye ya biya kuɗin mota, ka tsaya kana tambayarsa ra'ayinsa, sai ya ce, "Ɗana, ai kai ne likita, faɗa mini abin da zan yi." Irin wannan a faɗa masa kai tsaye, shi ne girmama shi.

Saboda haka ni ba zan koyar da ita a matsayin tsari cikakke ga kowane ɗalibi ba. Zan ciro mata abu biyu: fara tambayar abin da mutum ke so game da sigarin kafin abin da yake ƙi, da kuma iya yin shiru. Wanda zai ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa ko likitancin iyali ya koyi sauran a can.

Akwai zaɓi na biyu da ke ɓoye a bayan na farko, kuma na yi imani ya fi shi nauyi: ta wace hanya za a koyar? Lacca ita ce mafi arha, ita ce kuma ta haifar da yaron da na fara ba da labarinsa. Darasin bidiyo ta intanet na da amfani wajen ilimin magani, amma yawancinsa da Turanci yake, majinyatan cikinsa kuma ba su yi kama da namu ba. Abin da ke canza bakin ɗalibi shi ne kwaikwayo: wani ya zauna a matsayin majinyaci, ɗalibi ya yi magana, a tsayar da shi, a gyara, ya sake. Howard Barrows ya fara amfani da mutanen da aka horar su yi kamar marasa lafiya a 1963 a Amurka. Mu ba sai mun ɗauki 'yan wasa ba. Masinja ko mai gadi da ya manyanta, ko wanda ya taɓa sha ya bari, a biya shi ɗan alawus, zai fi kowane ɗalibi iya taka dattijo mai gardama. Idan ɗalibai suka yi wa junansu, dariya kan cinye rabin lokacin, kuma ba a samun nauyin shekarun da shi ne ainihin abin da ake son su saba da shi.

Ba na so in yi alkawarin da ya wuce hujja. An yi gwaji a makarantun likita 10 a Amurka, aka fitar da sakamako a 2016, inda aka kwatanta koyarwar da aka saba da wata mai haɗa darasin intanet da kwaikwayo da aiki a asibiti. A jimillar makin jarrabawa bambancin bai taka kara ya karya ba, sai dai waɗanda suka yi kwaikwayo sun fi amincewa da kansu, sun kuma fi ba majinyaci dabaru na zahiri. To amincewa da kai ɗin nan ita ce ta yi wa yarona ƙaranci.

Kuma dole kwaikwayon ya kasance da harshen da za a yi aikin. A nan ne abubuwa ke fitowa waɗanda babu su a kowane littafi. "Ba ka dai sha ko?" tambaya ce da ta riga ta ba da amsa. "Kana shan taba?" ma tana barin mutane da yawa a waje: mai shisha zai ce a'a da zuciya ɗaya, don a ganinsa ruwa ya tace hayaƙin, bai san garwashin kansa na ƙara masa iska mai guba ba. Tsohuwar da ke cusa taba gari da kanwa a leɓe ita ma za ta ce a'a, don ba ta busa hayaƙi. Sai an ambaci kowanne da sunansa. "Kwali nawa a rana?" tambayar wata ƙasa ce. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma har gobe haka ake saye, don haka "kara nawa" ko "ta nawa kake saye a yini" ita ke kawo amsa. Mace kuwa ba za ta amsa a gaban miji ko uwar miji ba, sai an keɓe. Ita ma wadda ba ta sha, a tambaye ta ko ana busawa a ɗakin da take kwana da yara. Ɗaliban da ba Hausawa ba su rubuta jimlolin su haddace, kamar yadda Bahaushen da aka tura Borno zai nemi nasa da Kanuri.

Batun addini zai taso, ko ka so ko ka ƙi. Shawarata ga ɗalibai ita ce kada su zama masu fatawa, wannan aikin malamai ne, kuma wanda ya ji ana yi masa kallon mai zunubi ba zai dawo ba. Amma azumi kyauta ce da likitan Landan ba shi da ita. Mutumin da ke cewa ba zai iya awa biyu babu sigari ba, shi ne ke yini tun daga asuba har faɗuwar rana bai kunna ba, kwana 29 ko 30. A tuna masa da wannan, a tambaye shi me yake yi da sha'awar idan ta taso da azahar. Wahalar tana wurin buɗa baki, lokacin da wasu ke jera kara biyu ko uku kafin su ci abinci. Wanda ya sa ɗaya ga Ramadan ta zama ranar barinsa, shirin da za a yi masa na bayan magariba ne.

Idan awa uku kawai aka ba ni, ga yadda zan raba. Rabin awa na ilimin nikotin da magunguna. Sauran duk kwaikwayo da Hausa, kowane ɗalibi ya yi gajeriyar shawara har sai ta daina yi masa nauyi a baki, amma da ƙafarta ta uku da aka sauya: maimakon "zan tura ka", ya zama "mu tsayar da rana yanzu, zan kira ka cikin makon farko". Wato jikin ta farko, da hannu biyu da aka aro daga ta biyu. Idan an samu ƙarin lokaci a zagayen likitancin al'umma ko na iyali, sai a ɗora cikakkun matakai biyar a ɗakin masu tarin fuka, kowane ɗalibi ya ɗauki majinyaci ɗaya ya bi shi har ƙarshen zagayen, ya rubuta abin da ya faru ko da mutumin ya koma sha. Yawancin masu bari sai sun faɗi sau da yawa kafin su tsaya, gara ɗalibi ya ga haka tun yana makaranta, don kada ya yi fushi da majinyaci ran da ya dawo da warin hayaƙi.

Sannan a sa shi a jarrabawa. Ɗalibi na karanta abin da za a tambaye shi ne, kowa ya san haka. Jarrabawar nan ta tasha-tasha da ake kira OSCE, wadda Ronald Harden ya bayyana a 1975 a Dandi ta Sikotilan, ta riga ta shigo makarantunmu. Tasha ɗaya ta minti biyar ta isa: dattijo a kujera, kwali a aljihu, ya musa a tambayar farko. A ba da maki ga wanda ya sake tambaya cikin ladabi, da wanda ya ambaci shisha da taba gari, da wanda ya fita da rana a rubuce. A rage wa wanda ya cinye mintocinsa yana lissafa cututtuka.

Saura kiran wayar nan na makon farko, lokacin da yawancin masu komawa ke komawa. Na ga ɗalibai suna yinsa da katin da suka saya daga kuɗin abincinsu, suna yi mako biyu su gaji. Sashe ya ajiye waya ɗaya da layi ɗaya da littafi mai gurbi huɗu a kowane shafi: suna, lamba, ranar bari, da abin da mutumin ya ce da aka kira. A sa wa wayar kati duk wata daga asusun sashe, a kuma sa sunan malami ɗaya da zai riƙa buɗe littafin kowace Litinin.